Ranar da Likitan Ƙarfe Ya Cije

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwar fahimta, rashin adalci ne a fara da wani kafin shugaban garejin kamfanin motocin dakon kaya. Mutum ne da ilimi ya cika shi har ya rasa wurin zama, ya gangaro ya taru a tumbinsa. Shekara da shekaru yana kula da manyan motoci, kuma a duk tsawon wannan hidima ba a taɓa ganin ɗigon baƙin mai a farcensa ba, wanda hakan kaɗai ya isa shaida cewa gwani ne. Ƙananan makanikai ke shiga ƙarƙashin mota. Shi aikinsa tsayuwa a gefe cikin doguwar farar riga irin ta likitoci, ya kafa sukundireba a jikin inji, ya manna kunne a ƙotarta, ya lumshe ido, sannan ya faɗi abin da ke damun motar. In aka buɗe aka ga ba shi ba ne, to motar ce ta canza ciwo kafin a gama kwance noti.

Sunan da ya raɗa wa kansa shi ne Likitan Ƙarfe, har ya sa aka rubuta masa a ƙofar ofis da jan fenti. Ma'aikata kuwa, saboda tsabar ƙauna, Salansa suke kiransa a bayan ido. A cewarsu duk jikin mota babu abin da ya kai salansa ƙara da hayaƙi, alhali ba ita ke jan kaya ba.

Babban abin da zai bar wa duniya ya zo masa ne wata rana da hantsi yana shan shayi. Ya hangi wani direba yana ɗura wa mota ruwa. Ya dubi kofin da ke hannunsa, ya sake duban motar, sai tsigar jikinsa ta tashi. Nan take ya sa aka tara masa kowa da kowa.

"Ku ajiye sifana, ku buɗe kunne," in ji shi, bayan ya hau kan wata tsohuwar taya. "Yau na gano abin da ya gagari masana. Ɗan Adam mota ne! Ciki tanki, zuciya famfon mai, jijiyoyi wayoyin wuta, ido fitila, baki hon, gwiwa shakazoba. Mota tana sha, kuna sha. Tana tari da safe, kuna tari da safe. In ta ji lodi tana nishi, ku ma haka. To me ya rage?"

Tsohon mai walda ya ɗaga hannu cikin ladabi. "Yallaɓai, to salansa fa?"

Wani ya cusa tsumma a baki, wani ya duƙa yana neman notin da bai faɗi ba.

"Tambaya mai ma'ana," in ji Likitan Ƙarfe, yana jinjina kai. "Kowa yana da tasa. A baya take, kuma kunya ta hana in nuna."

Daga ranar nan rashin lafiya ta ƙare a gareji, ko kuma a ce neman hutun rashin lafiya ne ya ƙare. Direban da ya zo jikinsa rau da zazzaɓi, sai yallaɓai ya dafa goshinsa ya ce lagireto ne ya tafasa, ya je inuwa ya ɓalle maɓallan riga ya huce, amma kada kowa ya watsa masa ruwan sanyi, kan inji zai tsage. Mai gadi ya wayi gari jiki a mace, aka ce batir ne ya yi sanyi, aka sa ya riƙe hannun direban da ya fi kowa ƙiba har sai ya ja wuta. Shi kuwa mai walda, ranar da ya zo yana dafe da baya yana neman a bar shi ya kwanta, lacca ya samu kyauta.

"Kwanciya? A ina ka taɓa ganin an kwantar da mota don ta ƙi tashi? Bubbuga ta ake yi, in ta ƙi a tura. Tsatsa ce kawai, kuma maganin tsatsa aiki."

Mutum mai irin wannan baiwa ba ya barin ta a wurin aiki. A gida, in matarsa ta ce kanta na ciwo, sai ya ɗauko sukundireba ya kafa mata a goshi ya saurara, ya ce wani abu ne ya kwance a ciki, ta rage magana zai daina kaɗawa. Ita kuwa baiwar Allah ta daɗe da gane cewa musu da shi ɓata yawu ne, sai ta ce to, ta juya ta haɗiye ƙwayarta. Ranar da saurayin 'yarsa ya zo gaishe shi, wani direban janwe ne a kamfanin, wato motar da ke ɗauko motocin da suka lalace, bai ce masa zauna ba. Zagaye shi ya yi, ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, ya ɗan shuri ƙwaurinsa kamar mai duba iskar taya, ya sa shi ya yi tari.

"An taɓa buɗe ka?"

"An taɓa yi mini aiki a ciki ina yaro, Baba."

"Ash! Ashe kwance ne kai." Ya girgiza kai cikin takaici. "Dube ni nan. Ƙirar asali. Tun da aka fito da ni ba a taɓa kwance mini noti ɗaya ba."

Yarinya dai ta ce ta ji ta gani, kwancen take so, aka yi aure.

Abu ɗaya ne ya hana Likitan Ƙarfe sakewa. A ƙarshen farfajiyar kamfanin akwai wani ɗan ɗaki mai gado ɗaya da fanka da firji, inda wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista take duba ma'aikata. Duk wanda yallaɓai ya gama yi wa sabis, sai ya zagaya ta bayan motoci ya faɗa wurinta, ya fito da magani, wani lokaci har da izinin hutu. Wannan ba ƙaramin raini ba ne ga kimiyya. Ya kwana yana tunani, ya tashi da shawara: a rufe ɗakin, a sallami Sista, a mayar da lafiyar ma'aikata ƙarƙashin gareji. Shi kuma, ba don yana so ba sai don babu wanda ya cancanta, a naɗa shi Babban Daraktan Injina da Bil'adama. Firjin ma ba zai ƙi a kawo ofishinsa ba.

Manajan kamfanin sabo ne, kuma duk maganar da aka fara ta da "a rufe" tana yi masa daɗin ji. Ya ce ranar da manyan daraktoci za su zo zagaye, yallaɓai ya yi musu bayani da bakinsa. Labari ya bazu. Sista ta fara tattara 'yan kayanta a kwali, tana tunanin yaran da take ciyarwa. Direbobi suka shiga zullumi, don sun san in aka rufe ɗakin nan, duk wanda ya kamu da ciwo sai dai a zuba masa ruwan batir.

Ana cikin haka, wani ɗan abu maras muhimmanci ya taso. Ƙugun Likitan Ƙarfe ya fara magana. In zai tashi daga kujera sai ya ji wani tsam, in zai sa takalmi sai ya ji kamar an soka masa waya. Ƙaramin mutum da ya tsorata. Shi kuwa ya saurari kansa da kyau ya gano ƙarar bodi ce kawai, wadda ba ta hana tafiya. Ya ɗebo giris a gwangwani ya kawo gida, kullum da safe ya sa matarsa ta shafa masa.

"Maigida," ta ce ranar taron, tana goge hannu da tsumma, "duk zannuwan gadona sun ƙare. Ka daure ka je a duba bayan nan."

"A duba? Wa zai duba wa?" Ya miƙe a hankali yana cije leɓe, ya zura farar rigarsa da aka sha guga. "Ke dai ki gyara falo. Yau da yamma matar darakta za ki zama, mutane za su zo gaisuwa."

An share gareji tas, an jera kujeru tsakanin manyan motoci. Daraktoci suka zauna a gaba da manaja, ma'aikata suka tsaya a baya, Sista tana can gefe ta harɗe hannu. A jikin allo yallaɓai ya sa an zana mutum tsirara daga kai zuwa cibiya, da inji a ƙirjinsa da tanki a cikinsa, kuma mai zanen, ko da gangan ko bisa kuskure, ya ba shi tumbi da gashin baki irin na wani da aka sani.

"Ranku ya daɗe," ya fara, yana nuna allo da sukundireba, "abin da likitoci ke shafe shekaru suna karantawa, ni na gama shi a zama ɗaya, kafin shayina ya huce. Me ya sa za mu riƙe gareji biyu a kamfani ɗaya? Wanda ya iya gyara motar da ke ɗaukar buhu ɗari-ɗari, ɗan direban da ke cikinta ne zai gagare shi? Ku ba ni mutanen nan. Zan riƙa yi musu juyen mai a kan kari, in ɗaure abin da ya kwance, in kwance abin da ya ɗaure. Wanda ya ƙi gyaruwa kuma a cire abin amfani a jikinsa a jingine shi a bayan katanga."

Manaja yana ta gyaɗa kai. Yallaɓai ya ga haka ya ƙara totur. Ya yi bayanin hanta, ya yi na ƙoda, ya ce atishawa ba komai ba ce illa inji ya yi baya da wuta. A zuciyarsa har ya fara auna inda firji zai zauna.

Sai wata dattijuwa cikin daraktocin, mai tabarau a kan hanci, ta ɗaga biro.

"Malam, na ji bayaninka. Amma a dokar kamfanin nan, motar da ta kai wasu shekaru ana fitar da ita daga aiki a sayar wa masu gwangwan. In mutum mota ne, kai shekararka nawa?"

Likitan Ƙarfe ya gyara wuyan rigarsa. Ya yi dariya irin ta manya.

"Ranki ya daɗe, ba shekara ake dubawa ba, ƙira ake dubawa. Irinmu an daina yi. Bari ki ga shakazoba."

A gefen allo akwai wani batirin babbar mota da aka ajiye don misali. Rabon yallaɓai da ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi tun kafin a haifi 'yarsa, amma ƙirar asali ba ta mantuwa. Ya naɗe hannun riga, ya ware ƙafa, ya sunkuya ya kama batirin, ya ja.

Ƙas!

Har na bayan layi sun ji. Batiri bai motsa ba. Shi ma Likitan Ƙarfe bai motsa ba. Ya tsaya a lanƙwashe, kai a ƙasa, baya a shimfiɗe kamar teburi, ɗuwawu na kallon daraktoci. Ya ce wa jikinsa miƙe, jiki ya ce bai san zancen ba. Wata azaba ta taso daga ƙugunsa ta bi ƙafa har babban yatsa, gumi ya fara ɗiga daga hancinsa yana sauka kan batiri.

Duniya gaba ɗaya ta koma takalma. Ga baƙaƙe masu sheƙi na manaja, ga masu tsini na dattijuwar nan, ga wasu ƙonannun silifa da ya san na mai walda ne suna matsowa.

"Kamar yadda kuke gani," ya ce wa siminti, da wata siririyar murya da bai san yana da ita ba, "wannan shi ake kira... tsayuwar gwaji. Da gangan ne."

"To miƙe mana," in ji manaja.

"Yanzu. Ina jira inji ya ɗan huce."

Ma'aikata mutane ne masu biyayya, kuma ba a banza suka sha lacca ba. Mai walda ya duba shi ta hagu, ya duba ta dama, ya juya ga daraktoci.

"Ranku ya daɗe, ya cije ne. Tsatsa ce. Yallaɓai ya koya mana yadda ake yi. Kai, miƙo sifana mai lamba babba, a ɗan bubbuga shi."

"Kada wanda ya taɓa ni!"

"Hon yana aiki," wani ya faɗa daga baya. "Wuta na zuwa ke nan."

"To a tura shi. Ku biyu ku kama ta baya, in ya ɗauki gudu zai tashi."

Hannuwa huɗu suka dafa shi. Likitan Ƙarfe ya tafi gaba taku-taku a duƙe kamar akuyar da ake kaiwa kasuwa, yana ihu yana kiran sunan Allah, farar riga na jan ƙasa. Mai gadi ya biyo su da gudu yana miƙa hannu, wai ko a jona shi da batirinsa, ai yau da ƙarfinsa ya tashi. Wani ya kawo jak yana tambaya ta ina za a sa. Dattijuwa ta cire tabarau tana share hawaye, kafaɗunta na rawa.

Sai ga wasu fararen takalma masu taushi sun ratso taron.

"Ku sake shi haka nan," in ji Sista. "Wasa ya isa." Ta durƙusa har ta ga fuskarsa, wadda ta jiƙe sharkaf. "Yallaɓai, kana jin ƙafarka?"

Ya so ya ce mata ta koma ga kwalayenta. Ya so ya ce mata wannan harkar manyan injina ce. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Sista, don girman Allah, ki taimake ni. Mutuwa zan yi."

"Ba za ka mutu ba. Amma asibiti za a kai ka, kuma kada a miƙar da kai da ƙarfi."

Nan wata matsalar ta taso. An kawo motar manaja, an gwada ta gaba, kai ya shiga ɗuwawu ya ƙi. An gwada ta baya, ɗuwawu ya shiga kai ya ƙi. Duk yadda aka juya shi sai wani ɓangare ya rage a waje yana kururuwa. Ana tsaye ana shawara, sai aka ji ƙarar janwe tana ja da baya. Surukinsa ne ya leƙo ta taga.

"Baba, ga wuri a baya. Shimfiɗaɗɗe ne, ba sai an lanƙwasa komai ba."

"Ni? A janwe?"

"Ai duk wadda ta cije da ita muke ɗauka, Baba."

Haka aka ɗora Likitan Ƙarfe a bayan janwe, a duƙe, ya rungume wata taya, aka zagaya shi da igiya don kada ya zame, Sista na zaune a gefensa tana riƙe da kafaɗarsa. Suruki yaro ne mai bin doka. Ya kunna fitilar nan mai juyawa, ya ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen kaya, wato a bayan farar riga, ya tafi a hankali yana danna hon a kowace kwana. Kuma da yake babbar hanya ta cushe, dole ta sa ya bi ta layin gidan yallaɓai, inda maƙwabta suka riga suka fara taruwa don yi wa sabon darakta barka. Suka bi motar da kallo. Mai shagon bakin layi ya ɗaga hannu zai gaisar, ya rasa wane ɓangare zai gaisar, ya sauke.

Daraktoci ba su tashi ba sai da suka yanke hukunci. Ɗakin Sista yana nan, a ƙara mata gado na biyu, mai faɗi. Maganar Daraktan Bil'adama kuma manaja ya ce shi bai ma tuna wa ya kawo ta ba.

A asibiti aka kwantar da shi a gefe ɗaya, a naɗe kamar jinjiri, aka yi masa allura. Da zafin ya ɗan lafa, sai martaba ta fara dawowa. Likita ya shigo, wani matashi mai fara'a, yana tambayar wa ya shafa wa bawan Allah nan giris. Matarsa, wadda ta iso da mayafi a karkace da kwanon abinci a hannu, ta ce umarni aka ba ta.

"Abokin aiki," in ji Likitan Ƙarfe daga inda yake kallon ƙafar gado, "ka yi mini magana a matsayin gwani da gwani. Wane ƙarfe ne ya karye? In sai an yi odar sa daga waje, ka faɗa, don irin nawa ba a samu a kasuwa."

"Babu abin da ya karye, Baba. Nama ne ya ɗaure, ga shekaru, ga tumbi. Akwai wata allurar da zan ƙara maka, zuwa dare ka miƙe."

Matar ta ajiye kwano. Ta daɗe tana kallon mijinta, kansa a ƙasa, haɓarsa a ƙirji, bakinsa ya gaji ya yi shiru. Sannan ta ja likita gefe, ta rage murya, amma ba sosai ba.

"Likita, allurar nan, dole sai yau?"

"Me ya faru, Mama?"

"Babu komai, ɗana. Kawai dai tun da na aure shi ban taɓa ganin ya sunkuyar wa kowa da kai ba. Ka bar mini shi haka zuwa jibi, 'yan'uwana su zo su gani."